Cika ko Mara: Yadda Ake Cika Raga da Layuka Ba Tare da An Ƙulla Zoben da Aka Hana Ba

Wanda ya taɓa riƙe homar masunta a bakin Matan Fada ya san idon raga gefe huɗu gare shi: ƙulli huɗu, zare huɗu, an rufe. Raga ba ta da wani abu sai irin waɗannan idanu. Tambayar da wannan jagora ta ɗauka kishiyar aikin mai saƙa ce. An ba ka ƙulli kaza, an ce ka ja zare tsakaninsu iya yawan da za ka iya, amma kada ido mai gefe huɗu ya fito ko guda. Zare nawa za ka samu, kuma ta wace hanya?

Ɗaliban lissafi da na kimiyyar kwamfuta, irin na Birnin Kebbi da Aliero, suna haɗuwa da wannan a darasin giraf. Abin da ake buƙata takarda ce da biro, da iya ninkawa da rabawa. Wayar hannu za ta yi amfani can gaba.

Kalmomin aiki

Giraf ɗin za mu kira shi raga. Ƙulli shi ne ɗigo, zare shi ne layi. Ɗigo biyu da layi ya haɗa maƙwabta ne. Yawan layukan da suka taɓa ɗigo shi ne darajarsa. Zobe kuwa tafiya ce da ta tashi daga ɗigo ta bi layuka ta dawo gida ba tare da ta taka wani ɗigo sau biyu ba. Zobe mai layi 3 a littattafai C3 ake rubuta shi, mai 4 kuma C4, haka har gaba. Amsar da ake nema ana rubuta ta ex(n, C4), wato mafi yawan layukan da raga mai ɗigo n za ta ɗauka babu C4 a cikinta.

Dokoki biyu ne: ɗigo ba ya haɗuwa da kansa, kuma ba a jan layi biyu tsakanin ɗigo biyu. Akwai kuma kuskuren da ake yawan yi tun daga farko. Zoben huɗu zobe ne ko da an ja wani layi ya ratsa tsakiyarsa. Ɗigo huɗu da kowanne ya haɗu da kowanne suna ɗauke da C4 har guda uku.

Mataki na farko: duba tsawon zoben, cika ne ko mara

Wannan dubawa ita ce rabin aikin, domin amsoshin biyu ba su ko kusa da juna.

Idan zoben mara ne, wato 3, 5, 7, to ka huta. Raba ɗigogin gida biyu daidai wa daida, ko ɗaya ya fi ɗaya da guda. Ja layi daga kowane ɗigo na wannan gida zuwa kowane ɗigo na wancan, kada ka ja ko ɗaya a cikin gida. Duk taku a irin wannan raga tsallakawa ce zuwa ɗaya gidan, don haka ba ka dawowa inda ka tashi sai bayan taku cika. Zoben mara ba shi da hanyar fitowa. Da ɗigo 20 za ka samu 10 sau 10, layi 100. Da ɗigo 13 kuwa 6 sau 7, layi 42.

Mantel, ɗan ƙasar Holan, shi ya nuna a 1907 cewa ga zoben uku ba a wuce n²/4. Dalilin gajere ne. Ɗauki kowane layi tsakanin u da v. Ba su da maƙwabci na tarayya, in ba haka ba zoben uku ya fito, saboda haka darajar u da ta v in an tara ba su wuce n ba. Idan aka tara wannan a kan duk layuka, n²/4 ke fitowa. Turán na ƙasar Hangari ya faɗaɗa abin a 1941 zuwa hana ɗigo huɗu, biyar ko fiye da suka haɗu da juna gaba ɗaya: sai a raba gida uku, gida huɗu, haka nan.

Tarko ɗaya ne a nan, kuma a ƙananan lambobi yake. In C5 kaɗai aka hana kuma ɗigogin 5 ne, rabon gida biyu layi 6 yake bayarwa. Amma haɗa ɗigo huɗu da juna duka, layi 6 ke nan, sannan ka rataya na biyar da layi guda: 7, kuma babu C5. Sai ɗigogi sun kai 6 sannan n²/4 ta zama amsar C5. Ga zobe mai tsawon 2k+1, daga 4k−2 ake farawa.

Idan zoben cika ne, a nan gizo ke saƙa. Rabon gida biyu shi ne mafi munin abin da za ka yi, domin ɗigo biyu daga nan da biyu daga can sun riga sun ƙulla C4. Sauran jagorar a kan wannan take.

Mataki na biyu: san rufin da ba za ka wuce ba

Kafin ka fara gini, ƙirga gwafa. Gwafa ita ce ɗigo ɗaya da layi biyu da suka fita daga jikinsa, kamar gwafar da ake tokare rumfa da ita: gindi ɗaya, kai biyu. Ɗigo mai daraja d yana da gwafa d(d−1)/2. Mai daraja 3 yana da 3, mai 4 yana da 6, mai 5 yana da 10.

Ga abin lura: C4 ba komai ba ne illa gwafa biyu masu gindi daban da suka yi tarayya a kawuna biyu. Ke nan a ragar da babu C4, kowane ɗigo biyu gwafa ɗaya tak za su iya zama wa kawuna. Hanyoyin zaɓen ɗigo biyu cikin n su ne n(n−1)/2, don haka jimillar gwafa ba za ta wuce wannan ba. Idan aka daidaita darajoji aka warware lissafin, sai a samu abin da Reiman ya rubuta a 1958:

layuka ≤ (n/4) × (1 + √(4n − 3))

Saka n = 7: √25 = 5, sai 7/4 sau 6, wato 10.5, ke nan 10. Saka n = 13: √49 = 7, sai 13/4 sau 8, wato 26. Saka n = 31: √121 = 11, sai 93.

Kada ka ɗauki rufin a matsayin amsa. Amsoshin gaskiya ga waɗannan ukun su ne 9, 24 da 90. Ga 13 ana iya ganin dalilin da 26 ba ta yiwuwa. Sai kowane ɗigo ya zama mai daraja 4, gwafa ta zama 13 sau 6, wato 78, daidai da 13 × 12 / 2. Ma'ana kowane ɗigo biyu suna da maƙwabci ɗaya cur na tarayya. Erdős da Rényi da Sós sun tabbatar a 1966 cewa raga ɗaya ce ke da wannan hali: zobunan uku da yawa da suka haɗu a ɗigo guda na tsakiya, kamar fukafukan fanka. A fanka kuwa darajoji ba su zo ɗaya ba.

Ita fankar tana ruɗin masu farawa. Da ɗigo 5 tana ba da layi 6, da ɗigo 7 tana ba da 9, kuma duka biyun su ne amsa mafi kyau. Sai mutum ya zaci ya gano sirrin. Da ɗigo 13 kuwa 18 take bayarwa maimakon 24, da 31 kuma 45, rabin 90. Ɗigon tsakiya ya cinye mafi yawan gwafa, ya bar sauran da daraja 2. Raga mai kyau ita ce wadda darajojinta suka yi kusan kai ɗaya, kowanne wajen √n.

Mataki na uku: gina ta ɗigo 7 da hannu

Ginin da ke kaiwa kusa da rufin ya fito ne daga aikin Erdős da Rényi na 1962, kuma Brown ya kai gare shi ta tasa hanyar a 1966. Yana buƙatar lambar firam, wato lambar da ba ta rabuwa sai da 1 da kanta: 2, 3, 5, 7, 11. Kira ta q. Duk lissafin da za a yi na saura ne: ka ninka, ka tara, ka raba da q, ka riƙe abin da ya saura kawai.

Fara da q = 2. Kowane ɗigo sunansa lamba uku ne jere, kowace 0 ko 1, ban da 000. Bakwai ke nan. Don sauƙin zane a allo, ba su sunayen garuruwa, ba don hanyoyin mota haka suke ba:

001 Birnin Kebbi, 010 Argungu, 100 Jega, 011 Yauri, 101 Zuru, 110 Kamba, 111 Bunza.

Dokar jan layi: ɗauki ɗigo biyu, ninka ta farko da ta farko, ta biyu da ta biyu, ta uku da ta uku, ka tara. In saurar rabawa da q sifili ce, ja layi. Gwada Yauri da Bunza: 0×1 + 1×1 + 1×1 = 2, saura 0, akwai layi. Gwada Yauri da Zuru: 0×1 + 1×0 + 1×1 = 1, babu.

In ka bi duka 21, layukan da za su fito su ne: Birnin Kebbi da Argungu, Birnin Kebbi da Jega, Argungu da Jega, Birnin Kebbi da Kamba, Argungu da Zuru, Jega da Yauri, sannan Bunza da Kamba, Bunza da Zuru, Bunza da Yauri. Tara cif. A takarda siffar murhu ce: zoben uku a ƙasa, daga kowace kusurwa ƙafa ta tashi, ƙafafun uku suka haɗu a Bunza.

Lura da Yauri, Zuru da Kamba. In ka gwada kowannensu da kansa, sifili za ka samu, wato doka tana so ya haɗu da kansa. Tunda an hana wannan, kowannensu ya yi asarar layi guda, darajarsa ta tsaya 2 maimakon 3. Irin waɗannan ɗigogi kullum q+1 ne, kuma su ne dalilin giɓin da ke tsakanin ginin da rufin Reiman.

Mataki na huɗu: ta ɗigo 13, da dalilin da abin ke aiki

Da q = 3 lambobin 0, 1, 2 ne. Jeri uku-uku ban da 000 guda 26 ne, amma ba duka za ka ɗauka ba. 112 da 221 abu ɗaya ne, domin na biyun na farkon ne aka ninka da 2. Wanda ya manta wannan ya ɗauki duka 26 zai ga C4 ko'ina, saboda 112 da 221 maƙwabtansu ɗaya ne. Maganin shi ne ka ɗauki jerin da lambarsa ta farko wadda ba sifili ba 1 ce. Sai su rage 13. Ga su da maƙwabtansu:

001: 010, 100, 110, 120
010: 001, 100, 101, 102
011: 012, 100, 112, 121
012: 011, 100, 111, 122
100: 001, 010, 011, 012
101: 010, 102, 112, 122
102: 010, 101, 111, 121
110: 001, 120, 121, 122
120: 001, 110, 111, 112
111: 012, 102, 120
112: 011, 101, 120
121: 011, 102, 110
122: 012, 101, 110

Tara masu daraja 4, huɗu masu daraja 3. Jimilla 36 da 12, wato 48, rabinta 24. Kafin ka yarda da jerinka, duba shi ta fuska biyu: in 011 ya ambaci 121, dole 121 ya ambaci 011. Yawancin kuskuren hannu a nan ake kama shi.

Me ya hana C4? Ɗauki ɗigo biyu daban. Maƙwabcinsu na tarayya jeri ne x, y, z da ya cika sharaɗi biyu. Abu uku da ba a sani ba, sharaɗi biyu waɗanda ɗaya ba ninkin ɗaya ba ne: amsoshin duka ninkin jeri guda ne. Tunda mun mayar da jeri da ninkinsa ɗigo ɗaya, maƙwabcin tarayya ba zai wuce ɗaya ba. Shi ke nan hujjar.

Ga kowane q da ya dace, ɗigogi q² + q + 1 ne, layuka kuma q(q+1)²/2. Da q = 5, ɗigo 31 da layi 90. Da q = 11, ɗigo 133 da layi 792. Da q = 31, ɗigo 993 da layi 15,872, alhali da zoben uku aka hana a wannan yawan ɗigo da an samu 496 sau 497, wato 246,512. Ka ga nisan cika da mara. Füredi ya tabbatar, a 1983 ga q da ke ninkin 2 da kanta, sannan a 1996 ga duk wadda ta wuce 13, cewa a irin wannan yawan ɗigo ba a wuce wannan gini ko da layi guda.

Inda ginin ke rushewa: q = 4

Kusan duk wanda ya gama 2 da 3 sai ya saka 4 ya ci gaba da lissafin saura. Zai samu ɗigo 21 kamar yadda ya zata, amma ragar ta lalace. Duba 010 da 012. Dukansu suna haɗuwa da 100. Dukansu kuma suna haɗuwa da 102, domin 012 da 102 suna ba da 2×2 = 4, saura 0. Ga C4 nan: 010, 100, 012, 102, a koma 010.

Laifin na 2 ne. A lissafin saura na 4, lamba biyu da ba sifili ba suna iya ninkuwa su ba da sifili, kuma hujjar da ke sama ta dogara ne a kan hakan ba ya faruwa. Gyaran shi ne a canza lambobin gaba ɗaya. Yi aiki da alamomi huɗu: 0, 1, a, b. Wajen tarawa, kowace alama da kanta 0 ce, 1 da a suna ba da b, 1 da b suna ba da a, a da b suna ba da 1. Wajen ninkawa, a sau a b ce, b sau b a ce, a sau b 1 ce. Da wannan tsari ginin yana ba da ɗigo 21 da layi 50, babu C4. Ana samun irin wannan tsari ga 8, 9, 16, 25, wato duk lambar da firam ɗaya ce aka yi ta ninkawa da kanta. Ga 6, 10 ko 12 babu shi, kada ka ɓata daren ka.

Idan yawan ɗigon ya faɗa tsakani

Da wuya a ba ka 13 ko 21 daidai. In an ba ka 10, gina ta 13 ka yi ta cire ɗigo mafi ƙarancin daraja, ɗaya bayan ɗaya. Amma bayan kowace cirewa ka sake ƙirga darajoji, domin sun canza.

Cire 111: layi 3 sun tafi, saura ɗigo 12 da layi 21. Cire 112: ɗigo 11, layi 18. Yanzu mai gaggawa zai cire 121 don ya ga shi ma a jerin masu 3, ya ƙare da 15. Dubi 120 tukuna. Ya rasa 111 da 112, darajarsa ta sauko 2. Cire shi: ɗigo 10, layi 16. Ci gaba da 121, ka samu ɗigo 9 da layi 13, sannan 011 wanda ya koma 2, ka samu ɗigo 8 da layi 11. Duk waɗannan su ne amsoshi mafi kyau. Clapham da Flockhart da Sheehan sun fitar da jerin har zuwa ɗigo 21 a 1989, kuma daga 5 zuwa 21 ga yadda yake: 6, 7, 9, 11, 13, 16, 18, 21, 24, 27, 30, 33, 36, 39, 42, 46, 50.

Hawa sama bai kai saukowa daɗi ba. In ka ƙara sabon ɗigo a ragar 13, ba zai iya haɗuwa da ɗigo biyun da suke da maƙwabcin tarayya ba, kuma kusan kowane biyu suna da shi. Waɗanda ba su da shi su ne ɗigo mai daraja 3 da maƙwabcinsa, kamar 111 da 012. Layi 2 kawai za ka ƙara, ka tsaya a 26, alhali amsar ɗigo 14 ita ce 27.

Wata dabara da ake yawan gwadawa ita ce jan layi barkatai, a goge duk wanda ya ƙulla C4. Tana aiki, amma kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu. Hanyar zuba layi da ka sannan a goge tana ba da layuka gwargwadon n a bisa ƙarfin 4/3, ginin lissafi kuwa 3/2 yake kaiwa, kuma giɓin ƙaruwa yake yi yadda n ke girma.

Mataki na biyar: tabbatarwa da na'ura

Ido ba ya kama C4 a ragar da ta wuce ɗigo goma. Kada kuma ka sa kwamfuta ta bi ɗigogi huɗu-huɗu, aikin zai yi nauyi a banza. Bi su biyu-biyu, ka ƙirga maƙwabtan tarayya. In an samu biyun da suke da fiye da ɗaya, akwai C4. Wannan ɗan rubutun Python yana gudu ko a waya:

from itertools import product, combinations
q = 5
digo = [v for v in product(range(q), repeat=3) if any(v) and next(a for a in v if a) == 1]
mak = {u: {v for v in digo if v != u and sum(a*b for a, b in zip(u, v)) % q == 0} for u in digo}
layi = sum(len(m) for m in mak.values()) // 2
aibi = [p for p in combinations(digo, 2) if len(mak[p[0]] & mak[p[1]]) > 1]
print(len(digo), layi, len(aibi))

Zai buga 31, 90, 0. Mayar da q ta zama 4 ka ga lambar ƙarshe ta bar sifili. Ka kula da sharaɗin v != u. In ka cire shi, ɗigogin nan masu son haɗuwa da kansu za su shiga jerin maƙwabtan kansu, ƙirgen layi ya kumbura ya nuna 93.

Don tabbatar da cewa ba a wuce wata lamba, akwai geng, wata manhajar kwamfuta mai jera raga da ƙirga su, cikin kunshin nauty na Brendan McKay. Umarnin geng -f -u 10 17:17 yana ƙirga duk ragar ɗigo 10 mai layi 17 da babu C4, kuma sifili zai ce. Saka 16:16 ka ga an samu. Alamar -t tana hana zoben uku, -b kuma tana tsayawa kan raga mai gida biyu. Aikin yana nauyi da sauri ƙwarai yadda ɗigogi ke ƙaruwa, don haka na ƙananan lambobi ne.

Idan an hana uku da huɗu tare

Ginin da ke sama cike yake da zoben uku. In an hana duka biyun, ga ɗigo 10 akwai ragar Petersen. Rubuta lambobi 1 zuwa 5 biyu-biyu: 12, 13, 14, har 45, guda goma. Haɗa biyun da ba su yi tarayya a lamba ba, kamar 12 da 34. Layi 15, ƙasa da 16 da guda. Babbar yayarta ita ce ta Hoffman da Singleton ta 1960, ɗigo 50, kowanne daraja 7, layi 175. Ko akwai mai irin wannan kamala da daraja 57 da ɗigo 3,250, har yau tambaya ce a buɗe.

Hanya mafi sauƙi ita ce raga mai gida biyu, kuma ita ce ke da amfani a gona. A ce ana son gwada irin shinkafa 13 a fadamar Argungu. Ƙasa ba ɗaya ba ce, wani wuri ya fi laka, wani ya fi riƙe ruwa, kuma kowane kaso na filin iri 4 kawai yake ɗauka. Adalci shi ne kowane iri biyu su zauna a kaso guda sau ɗaya, ba sau biyu ba. Iri gida ɗaya, kaso gida ɗaya, layi yana nufin an shuka wannan a wancan. Iri biyu su haɗu a kaso biyu, shi ne C4.

Ba iri lamba daga 0 zuwa 12. Kaso na farko: 0, 1, 3, 9. Ƙara 1 a kan kowace don samun na gaba: 1, 2, 4, 10, sannan 2, 3, 5, 11, sannan 3, 4, 6, 12. In lamba ta kai 13 ta koma 0, don haka na biyar shi ne 4, 5, 7, 0. Haka har kaso 13. Sirrin yana cikin tazarar da ke tsakanin lambobin huɗu: 1, 3, 9, 2, 8, 6, da kuma abin da ya cike kowace zuwa 13, wato 12, 10, 4, 11, 5, 7. Kowace tazara daga 1 zuwa 12 ta fito sau ɗaya. Ka canza 9 zuwa 4, tazarar 1 da ta 3 sun maimaitu, tsarin ya lalace. Ga iri 7 a yi amfani da 0, 1, 3. Ga 21 kuma 0, 1, 4, 14, 16. Frank Yates ya shigo da irin wannan tsari cikin gwajin noma a 1936 a tashar bincike ta Rothamsted a Ingila. Injiniyoyin sadarwa ma suna gudun C4 a ragar lambobin gyaran kuskure na LDPC da ake amfani da su a Wi-Fi da 5G, domin gajeren zobe yana sa saƙon gyara ya dawo wa mai shi da wuri ya ruɗa lissafin.

Zoben shida da abin da ke bayansa

Bondy da Simonovits sun nuna a 1974 cewa in an hana zobe mai tsawon 2k, layuka ba sa wuce gwargwadon n a bisa ƙarfin 1 + 1/k. Ga C6, 4/3 ke nan. Benson ya kai wannan rufi a 1966 da gini mai wuyar bayani, sai Wenger ya kawo mai sauƙi a 1991, wanda za ka iya rubutawa yau.

Gida biyu, kowanne yana da duk jerin lamba uku na saurar q, har da 000, kuma ba a haɗe ninki a wannan karon. Ɗigon hagu t, a, b yana haɗuwa da na dama x, y, z idan a + y ya yi daidai da t sau x, kuma b + z ya yi daidai da t² sau x. Ɗigogi 2q³, kowanne daraja q, layuka q⁴. Da q = 3, ɗigo 54 da layi 81. Ba ita ce mafi ƙanƙanta ba, domin ragar Tutte da Coxeter tana yin wannan aiki da ɗigo 30 da layi 45, amma ta Wenger ce ke girma ba wahala.

Hanyar ganin dalilin ita ce ka ɗauki kowane ɗigon hagu a matsayin miƙaƙƙiyar hanya da ta fuskanci 1, t, t², ɗigogin dama kuma mahaɗu ne a kan hanyoyin. C4 hanya biyu ne da suka haɗu a wuri biyu, wanda ba ya yiwuwa. C6 hanya uku ne da suka yi kusurwa uku, kowace da t nata daban, dukansu kwance a shimfiɗa ɗaya. Fuskoki uku masu siffar 1, t, t² da t daban-daban ba sa kwanciya a shimfiɗa ɗaya, don haka babu C6. Da jeri mai lamba biyar, har zuwa t⁴, hujja irin wannan tana kore C10, domin a cikin hanya biyar da suka yi zobe dole a samu fuskar da ta fito sau ɗaya tak, babu wadda za ta soke ta.

C8 kuwa ya kufce. Hanya huɗu suna iya zuwa da fuska biyu kawai: t na farko, na biyu, na farko, na biyu, kamar gefunan fili mai kusurwa huɗu, gabas da yamma sun yi daidai, kudu da arewa sun yi daidai. Ko lamba nawa ka ƙara a jerin, wannan siffa tana nan. Shi ya sa a C4, C6 da C10 gini ya taɓo rufin Bondy da Simonovits, a C8 kuwa rufin yana kan 5/4, mafi kyawun ginin da aka sani yana kan 6/5. Ɗalibin da ke neman aikin kammala digiri ya fara da rubuta ragar Wenger ta q = 3 a Python, ya tabbatar babu C4 da C6, sannan ya zaƙulo C8 guda ya rubuta t na hanyoyinsa huɗu a gefe.